Babi na Bakwai: Dattijo da Bakin Teku

"Wanda ya haura shekara 60, gwiwa ta fara ƙara, numfashi ya fara gajarta, zai iya tafiyar ƙasa a bakin teku kuwa, a ƙasar da ba tasa ba?" Tambayar nan tana tasowa a rumfunan kasuwar Korbongu, tana tasowa a ƙofar masallatan Zangon Dapaong da na Sokode, kuma dalilinta a fili yake. Yawancin dattawanmu suna da ɗa ko jika a Lome, ko Akra, ko Kwatano, kullum ana yi musu waya: "Baba, ka zo ka huta, ka ga teku." Likita kuma ya ce a riƙa tafiya saboda hawan jini da ciwon suga. Wasu sun riga sun biya kuɗin kujerar Makka, suna fargabar ko ƙafa za ta ɗauke su. Sai mutum ya je Lome ya yi mako biyu a kan kujera gaban talabijin, ya dawo da kumburin ƙafa, tekun ma ta tagar mota ya hange shi.

Zai iya. Abin da ke kayar da mutanen arewa a bakin teku ba yawan shekaru ba ne, rashin sanin halin wurin ne. Zafin can daban, ƙasar da ake takawa daban, ruwan kuma yana da lokutansa. Wanda ya san waɗannan uku, ya kuma yarda ya auna tafiyarsa da awa maimakon nisa, zai yi ta cikin daɗi ko da yana dogara sanda.

Tafiya ba baƙuwarmu ba ce

Hausawan arewacin Togo da ƙafa suka zo. Ayarin fataken goro da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, wasu ta Jugu da Sokode suke bi, wasu ta Sansannen Mango, suna shafe watanni a hanya da jakuna da kanwa da tufafi. A cikinsu akwai masu furfura, madugu kansa ba yaro ba ne. Abin da ya sa suke kaiwa shi ne tsari: a ɗaura kaya tun da duhu, a yi tafiya da sanyin safiya, kafin rana ta take an sauka a zango, a ci, a duba ƙafafun mutane da na dabbobi. Jagaba yana gaba ya san inda ruwa yake. Ba a tashi sai an san inda za a kwana.

Turawa masu ritaya da ke yawon bakin teku a yau kusan wannan tsarin suke bi. A yankin Bretagne na Faransa akwai hanyar ƙafa mai suna GR 34, ta fi kilomita 2,000, asalinta turbar jami'an kwastan ce masu gadin gaɓa tun 1791. Tsofaffi ba sa cewa sai sun ga ƙarshenta. Sukan yanki kaɗan su yi a mako guda, mota ta kai musu jakunkuna masauki na gaba, su kuma su bi da gorar ruwa kawai. Wanda Allah ya hore masa biza da kuɗin jirgi da inshorar lafiya, ba laifi ya je. Amma mutumin Korbongu ba sai ya kai can ba. Gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba, don haka wanda ya tsaya a Lome yana da ƙasar waje hagu da dama: Gana tana manne da birnin ta Aflao, Benin kuma tana bayan Aneho.

Kafin a ga ruwa

Daga Dapaong zuwa Lome ya fi kilomita 600 a kan babbar hanya ta ɗaya, awa 10 ko fiye a cikin bas. Wannan zaman ya fi tafiyar ƙasar wahalar da tsoho, domin ƙafar da ta daɗe a lanƙwashe tana kumbura, jini kuma yana iya daskarewa a jijiyar sha-raɓa. Gara a raba hanyar biyu, a kwana a Kara ko Sokode wurin 'yan uwa, duk inda mota ta tsaya kuma a sauka a miƙe ƙafa. In an isa Lome a ba jiki kwana biyu kafin a fara komai.

Shirin kuwa daga gida yake farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 65 zuwa sama yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Rabin awa bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, ya cika ma'auni. A yi haka kamar wata ɗaya da rabi, da takalmin da za a tafi da shi, a cikin gari da hanyoyin da aka saba, tunda an sa yankin Savanes, inda Dapaong take, ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro a watan Yunin 2022. Mai ciwon zuciya, ko suga, ko wanda ke shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ya ga likitansa ya faɗa masa abin da yake shirin yi.

Zafin da ba ya busar da gumi

Mutumin Dapaong yakan ce ba wani zafi da zai ba shi tsoro, tunda a watan Maris da Afrilu ma'auni yana kai 40 a garinsu, a Lome kuwa da wuya ya wuce 33. Nan ne kuskuren yake. Iskar arewa busasshiya ce, gumi yana fitowa yana bushewa, bushewar tasa ce ke sanyaya jiki. Iskar bakin teku ta riga ta ƙoshi da ruwa, sai gumi ya tsaya a fata yana zuba, riga ta jiƙe sharkaf, jiki kuma bai huce ba. Zuciya ce ke biyan bashin, tana ƙara bugu don ta kai jini fata. Ga shi kuma ƙishirwa tana makara wa tsoho: kafin ya ji ta, ruwan jikinsa ya riga ya ragu. Saboda haka ba a jiran ƙishi, kurɓa ake yi a kai a kai.

Lokacin da ya fi dacewa biyu ne. Na farko watan Agusta, tsakanin damina babba da ƙarama, lokacin da ruwan teku ke yin sanyi, gajimare ya rufe rana, sai dai igiyar ruwa tana da ƙarfi a lokacin. Na biyu Disamba zuwa Janairu, sa'ad da jelar hunturu ke kaiwa gaɓa ta rage laimar iska. Watan Yuni ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, Fabrairu zuwa Afrilu kuma zafi ne mai nauyi. A cikin yini, daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Malfa ta fi hula amfani a nan, riga mai sauƙi ta auduga ta fi babbar riga, Hajiya kuma ta zaɓi mayafi mara nauyi.

Rairayi iri biyu, da lissafin wata

Duk wanda ya taɓa ratsa busasshen rafi da rani ya san yadda rairayi ke cinye ƙarfin ƙafa. Busasshen rairayin bakin teku haka yake, an auna an ga tafiya a cikinsa tana cin ƙarfi ninki biyu ko fiye na tafiya a kan ƙasa mai tauri. Kilomita uku a ciki sun kai shida a kan hanyar Korbongu. Rairayin da ya dace da dattijo shi ne mai danshi, wanda ruwa ya janye ya bari a daddale.

Ruwan yana cikowa sau biyu, yana janyewa sau biyu a yini, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Wata ne ke jan sa, don haka mai lissafin kwanan wata na Musulunci ya riga ya sami rabin ilimin: a tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15, cikowar tana kai maƙura, janyewar ma haka, tsakaninsu kuma abin yana lafawa. Sauran rabin yana bakin masunta. A tambaye su tun da yamma, "gobe yaushe ruwa zai sauka?", za su faɗa ba tare da duba komai ba.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Gaɓar Togo da ta Benin tana da gangare sosai, mai tafiya a kanta ƙafa ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa. In an miƙe a haka awa biyu, ƙugu da gwiwar gefe guda za su yi tsami. Maganinsa a je a dawo ta hanya ɗaya, kowane gefe ya ɗauki rabonsa, ko a hau sama a bi turbar da ke cikin itatuwan kwakwa, inda ƙasa ta fi tauri kuma akwai inuwa. Mai ciwon suga kada ya cire takalmi ko kaɗan, domin ƙafar da ba ta ji sosai ba za ta san ta taka kwalba ko ƙugiya ba. Silifa ma ba ta yi. Takalmin kambas da safa, a kaɗe rairayin a duk hutu, a duba tsakanin yatsu da dare.

Kada a shiga

Wannan teku ba wurin wanka ba ne ga baƙo. Igiyar tana karyewa dab da gaɓa da ƙarfi, in za ta koma kuma sai ta zare rairayin da ke ƙarƙashin ƙafa. Akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki ta wata siririyar hanya da gudu, ya tafi da ƙwararren mai iyo balle wanda iyakarsa kogin Oti. Ruwan da ya kai idon sawu ya isa, shi ma a fuskance shi, kada a juya masa baya don ɗaukar hoto. Jikoki suna tare, a riƙe hannunsu. Kuma ba a yawo a gaɓar babban birni da dare ko a keɓe, da waya a hannu.

A fara gwadawa a gida

Kafin a tsallaka iyaka, a gwada ƙafa a Aneho, kamar kilomita 45 gabas da Lome. Tsohon gari ne, shi ne mazaunin mulkin Jamusawa kafin su koma Lome a 1897, kuma a nan tabki ke haɗuwa da teku. Awa ɗaya daga gadar garin zuwa bakin ruwa a dawo ta isa mutum ya san matsayinsa. A hanya za a ga duwatsun da aka jera cikin ruwa don tare zaizaya. Tun da aka gina madatsar Akosombo a kan kogin Volta a 1965, da tashar jiragen ruwan Lome a 1968, rairayin da ke gangarowa daga yamma ya ragu, teku ya ci gidaje da tsohuwar hanyar mota. Amfanin sanin haka ga matafiyi shi ne kada ya dogara da labarin wanda ya bi wurin shekara goma da suka wuce.

Gran-Popo da Wida

Bayan iyakar Hilakonji da kamar kilomita 20 sai Gran-Popo. A ganina nan ne ya fi dacewa da wanda bai taɓa yi ba: gaɓa doguwa, kwakwa a jere, ƙauyuka kusa da juna, hanyar mota ba nisa, in an gaji sai a tsayar da ɗan zemijan, wato mai babur na haya. Da sassafe za a tarar da masunta suna jan taru. Kwale-kwale ya riga ya kewaya da shi cikin ruwa, maza da yara sun kama igiya biyu a tudu, suna ja da baya taku ɗaya-ɗaya bisa waƙa, na ƙarshe yana naɗe igiyar a gindin kwakwa don kada ruwa ya ƙwace. Aikin yana ɗaukar awanni. Mata suna zaune da manyan kwanoni suna jira, hayaƙin banda yana tashi a bayansu. A kewaya ta bayan masu ja, kada a tsallake igiya, a yi gaisuwa, a nemi izini kafin hoto. Haka nan wuraren bautar mutanen garin, da za a gane su da farin ƙyalle ko ɗan ɗaki a gindin itace, a wuce su da mutunci. Mai son ganin inda kogin Mono ke shiga teku, wurin da ake kira Bouche du Roy, da jirgin ruwa ake zuwa, kada ya ce zai taka.

Wida kuwa tafiyarta gajera ce, amma tana da nauyi a zuciya. Daga dandalin Chacha a tsakiyar gari zuwa bakin teku kamar kilomita huɗu ne, ita ce hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa jiragen ruwa. A ƙarshenta akwai babbar ƙofar tunawa da aka gina a 1995, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Bahaushe ba ɗan kallo ba ne a wannan hanya. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa, an gangaro da kamammu da yawa zuwa tashoshin wannan gaɓa aka haye da su Bahia ta Brazil. A can Hausawa suka shirya bore a 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka tashi a birnin Salvador cikin azumin 1835, da layu da rubutun Larabci a jikinsu. Dattijon da ya taka waɗannan kilomita huɗu a hankali, yana tsayawa a kowane wurin tunawa, ya yi wa waɗanda suka bi ta a ɗaure addu'a, ya yi abin da mota ba za ta yi masa ba. Inuwa ta yi ƙaranci a ƙarshen hanyar wajen tabki, don haka a fara da ƙarfe bakwai, a kuma yi magana da mai abin hawa ya jira a bakin ruwa. Ba dole a dawo da ƙafa ba.

Ɓangaren Gana

Daga Aflao zuwa Keta kamar awa ɗaya ce a mota. Garin yana kan siririyar ƙasa, teku a gefe, tabkin da ya fi kowane girma a Gana a ɗaya gefen, ba tudu ko ɗaya. Akwai ragowar ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmark suka gina a 1784, wadda teku ya cinye sashenta, inda Turawan Ingila suka girke dakarun Hausawa bayan 1874. Ana iya yin kwana uku ana tafiya kaɗan-kaɗan ta yamma har Woe, inda fitilar jiragen ruwa ta Cape St. Paul take, ana wuce lambunan albasa da mutanen Anlo ke nomawa a cikin rairayi da ban ruwa na hannu. Manomin Korbongu zai daɗe a tsaye wurin nan.

Mai sauran ƙarfi da guzuri ya wuce Akra zuwa Elmina, inda ganuwar da Fotugal ta gina a 1482 take. Tsakaninta da Cape Coast kamar kilomita 13 ne, ya yi wa dattijo yawa a tashi ɗaya, kuma matakalan ganuwoyin da tudun St. Jago na Elmina sun fi rairayi cin gwiwa. A zaga garin da ƙafa, a hau mota tsakanin garuruwan.

Takarda, kuɗi, salla

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90. A riƙe fasfo ko takardar tafiya da ake karɓa, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, domin ana tambayarsa a iyaka. Benin sefa take ci kamar Togo, Gana kuwa sai an canza zuwa sidi. Magunguna a ɗauki abin da zai wuce kwanakin tafiya, cikin kwalinsu, da sunayensu a rubuce a aljihu tare da lambar wayar ɗa ko 'ya. Gidan sauro ma kada a bar shi, bakin tabki ne.

Masauki ba ya wuya ga wanda ya san ya tambayi Zango. A Lome, tun 1977 aka tashi tsohon Zango daga tsakiyar gari zuwa Agoe, kuma kusan duk babban gari a gaɓar nan yana da nasa, da masallaci da mahauci Musulmi. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, sai dai a sa yaro ya ɗebo a buta maimakon a tsuguna a bakin igiya, a kuma nisanci bayan ƙauyuka inda wasu ke zagayawa. Tsakanin Lome da Gran-Popo alƙibla ba ta ɓata: a sa teku a hannun dama, a ɗan karkata hagu. Matafiyi yana ƙasaru, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya sai ya cika.

Yaushe ake tsayawa

Ma'aunin sauri shi ne hira. In Alhaji yana tafe yana iya ba jikansa labari ba tare da yankewar numfashi ba, tafiyar daidai take. In magana ta fara fita guntu-guntu, a rage. Duk bayan minti 40 a zauna a inuwa, a sha ruwa, a ci ayaba ko dabino. Ruwan ɗanyar kwakwa yana da kyau, ana sare ta nan take a miƙo, amma mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna. In gumi ya yi yawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri tana mayar da abin da aka rasa. Kwana biyu ana tafiya, na uku a huta.

Akwai alamun da ba a jayayya da su: nauyi ko ciwo a ƙirji, jiri, ruɗewar magana, gumi ya ɗauke alhali jiki ya yi zafi, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Nan ba batun "bari mu ƙarasa" ba ne, a nemi mota zuwa asibiti. Shi ya sa ba a tafiya sai da matashi a gefe, mai waya da caji, wanda kuma zai iya cewa "Baba, ya isa haka" a saurare shi. Dattawanmu da yawa sun fi jin kunyar a ce sun gaji fiye da jin ciwon, don haka tun a gida a yi wannan magana a gama.

Wanda ya iya kilomita huɗu na Wida cikin laimar teku ya sami abin auna kansa, domin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kusan kilomita uku ne, ban da ɗawafi da zuwa jifa. Sai dai zafin Makka wani iri ne kuma, a Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ƙirga mutum fiye da 1,300 da suka rasu, yawancinsu bayan doguwar tafiya a rana. Babi na gaba zai bi maniyyaci daga Mina zuwa Arfa da Muzdalifa, ya nuna inda ƙafa ke aiki, inda keken guragu ya halatta, da yadda ake shirya jiki tun watanni kafin jirgi ya tashi daga Lome.